Kindirmo da nono: yadda ake yin su, yadda ake gane na kirki, da bambancinsu da farar giya

Shanu suna sauka kudu kullum a tirela, amma nono ba ya biyo su. Duk wanda ke zaune a Agege ko Mile 12, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri ya san haka. Nama ga shi nan ko'ina, kindirmo na kirki kuwa sai an sha nema. Abin da ake samu a roba sau da yawa fari ne dai kawai, ba a san me aka zuba a ciki ba, kuma da shi ake dama wa yara fura.

Ni ɗan Gubi ne, arewa da garin Bauchi, inda dam ɗin da ke ba garin ruwa yake, ga kuma sabon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mahaifina fataucin shanu yake yi, saboda haka tsakanin kara da rugage na tashi. Zan kawo muku yadda ake yin kindirmo da nono tun daga tatsa, abin da ke sa madara ta yi tsami, yadda za ku gane na kirki, da yadda za ku yi naku a ɗaki. Zan kuma taɓo farar giyar inabi da ake ajiyewa a teburin biki a kudu, domin ita ma ta hanyar tsami ake yin ta, kuma ya kamata mutum ya san inda hanyoyin biyu suka rabu.

Sunayen tukuna

Mutane kan ce "nono" ga komai, amma a wurin masu shanu kowanne da sunansa.

Madara ita ce wadda aka tatso yanzu, ba ta yi tsami ba. Dakashi shi ne nonon farko bayan saniya ta haihu, mai kauri, launinsa ya yi rawaya-rawaya, kuma rabon maraƙi ne. Kindirmo madara ce da ta kwana ta daskare da manta a ciki, ba a cire komai ba. Nono, wanda aka fi tallatawa, shi ne wanda aka kaɗa aka cire man, shi ya sa bai kai kindirmo kauri da garɗi ba, kuma ya fi araha. Tsala shi ne nonon da ya tsinke ya zama ruwa-ruwa. Man shanu shi ne abin da aka cire lokacin kaɗawa. Akwai kuma cuku, wanda Yarbawa ke kira wara, shi da ruwan tumfafiya ake daskarar da madarar, ba a jiran ta yi tsami.

In ka san sunayen nan, mai talla ba za ta ba ka tsala a kuɗin kindirmo ba.

Me ya sa nono ke wuya a kudu?

Dalili na farko yana kara. Abin da fatake ke lodawa zuwa Oko-Oba a Legas, ko Akinyele a Ibadan, ko Lokpanta a Abiya, bijimai ne da tsofaffin shanu na yanka. Bafulatani ba ya sayar da saniya mai shayarwa sai dole ta kama shi, don ita ce abincin gida, ita ce kuma garken gobe. Kun ga ke nan mai nonon tana can a ruga.

Na biyu, shanunmu ba su da nono da yawa. Bunaji da Rahaji da Bokoloji, in an bar wa maraƙi nasa, abin da ake tatsa a rana bai cika wuce lita 1 zuwa 2 ba, da rani ma ya kan gaza haka. Saniyar Turai irin Friesian tana ba da sama da lita 20 in tana samun abinci da kulawa.

Na uku, kurmin kudu gidan ƙudan tsando ne, mai kawo cutar sammore, kuma shanun arewa ba sa jure ta. Na huɗu, madara ba ta jiran mota. A zafin ƙasarmu awoyi kaɗan ne take juyawa in ba firji. Inda ake samun madarar shanu sosai a kudu shi ne yankin Iseyin da Fasola na jihar Oyo, inda Fulani suka daɗe da zama, har kamfanin FrieslandCampina WAMCO ya kafa wuraren karɓar madara.

Yadda ake yi a ruga

Da sassafe ake tatsa, kafin shanu su fita kiwo. Maruƙa sun kwana a dangwali, sai a kwance ɗaya a bar shi ya fara tsotsa don nono ya sauko, sannan a janye shi a tatsa a ƙwarya. Daga nan aiki ya koma hannun mata, domin a al'adar Fulani nono da kuɗinsa na mace ne.

Mai yin kindirmo na kirki za ta tace madarar ta cire gashi da ƙasa, ta ɗora a wuta ta tafasa. Sai ta sauke ta bari ta huce har ta zama da ɗumi-ɗumi. Sai ta juye a ƙwarya, ta ɗiga ɗan nonon jiya a ciki, ta rufe da faifai, ta ajiye a lungun ɗaki inda ba mai taɓawa. Washegari madara ta yi barci, ta daskare, in ka sa ludayi za ka yanko ta kamar teba mai laushi. Kindirmo ke nan.

In man take so, sai ta zuba a gora ta yi ta girgizawa har man ya haɗu ya taso. Ta kwashe shi ta wanke da ruwa ta dunƙula. Abin da ya rage shi ne nono, ta kaɗa shi da maburgi ya yi sumul, ta ɗora a kai sai kasuwa. A Bauchi za ka gan su a Wunti da Muda Lawal da ƙorensu a jere.

Lokaci ma yana da tasiri. Da damina ciyawa ta yi yawa, nono ya wadata ya yi araha. Da rani ya kan yi ƙaranci, amma zafi na sa ya kama da wuri. Da hunturu kuwa sai an lulluɓe ƙwaryar, in ba haka ba a wayi gari madara ba ta yi barci ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙwarya

A cikin madara akwai wani sukari na halitta da ake kira laktos. A cikin nonon jiya kuma akwai ƙananan halittu, bakteriya, waɗanda ido ba ya gani. In suka samu ɗumi sai su yi ta cin sukarin nan suna mayar da shi wani tsami da ake kira laktik. Tsamin ne ke daskarar da madara, shi ne kuma ke hana yawancin miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ciki, shi ya sa nono ya fi madara daɗewa. Yogot na kamfani ma haka ake yin sa, sai dai su suna zaɓar nau'i biyu na bakteriyar, su riƙe zafin a digiri 40 zuwa 45.

To abubuwa huɗu ne ke yin kindirmo: tafasa, nonon jiya mai kyau, ɗumi, da lokaci. Duk wanda aka yi wasa da shi, za a ji a baki.

Saboda an cinye wani kaso na laktos, wasu da madara ke ɓata wa ciki suna shan nono lafiya lau.

Inda hanya ta rabu da giya

Ba bakteriya kaɗai ke cin sukari ba. Yis ma yana ci, irin wanda ake sa wa burodi da fanke. Amma shi in ya ci sukari, barasa yake fitarwa da iska. A nan aka rabu: bakteriyar nono tana ba da tsami, yis yana ba da abin maye.

Farar giyar inabi aikin yis ce. Ana tsinko inabi, yawanci kore ko rawaya, a matse shi, a raba ruwan da ɓawon nan take. Launin jan giya daga ɓawo yake fitowa, shi ya sa wadda aka cire wa ɓawo da wuri take zama fara, ko da da baƙin inabi aka yi ta. Sai a zuba ruwan a tankin ƙarfe ko gangar katako, a sa yis, a riƙe shi da sanyi, wajen digiri 12 zuwa 18, na makonni biyu zuwa huɗu. In yis ya cinye sukarin sai a tace a ɗura a kwalba. Barasar da ke ciki ta kan kai kashi 11 zuwa 14 cikin 100, wato sama da ninki biyu na giyar kwalba da aka saba gani, mai kashi 5. Faransa da Italiya da Sifen su ne kan gaba wajen yin ta. Masu shan ta suna sanyaya ta su sha da kifi ko kaza. Sunaye irin Chardonnay da Sauvignon Blanc da Riesling da za ka gani a jikin kwalba sunayen nau'in inabin ne.

Me ya kawo wannan bayani? Mu da ke hulɗa a kudu ana gayyatar mu bikin maƙwabta da abokan kasuwa, kuma farar giya a kofi kamarta ɗaya da ruwan tuffa ko ruwan inabi. Kwalbar ma iri ɗaya ce da ta lemon inabi mai kumfa wanda ba giya ba. Abin da za ka duba shi ne lamba da alamar % a jikin takardar kwalbar. In ka ga 11% ko 12.5% ko makamancin haka, giya ce. Akwai kuma wadda aka fara yin ta a matsayin giya sannan aka cire barasar, irin wannan ta kan rage da abin da bai wuce 0.5% ba. Hukuncinta sai a tambayi malamai, ni dai aikina in nuna yadda ake yi. Shi kansa inabi ba ruwansa, ɗan itace ne, ana noma shi a Kudan ta jihar Kaduna ana kai shi kasuwa a ci.

Bammi ma haka yake. In an sauko da shi daga bishiya zaƙi ne da shi, amma yis ɗin da ke cikin iska da jikin gora yana fara aiki nan da nan, cikin 'yan awoyi ya zama abin maye. Har madara ana iya yi mata haka: a Mongoliya da Kazakistan suna yin wani abin sha da nonon goɗiya wanda ke da 'yar barasa, saboda suna barin yis ya yi aiki tare da bakteriya.

Wannan ya shafi masu sayar da kunun zaki da zoɓo da kunun aya. In aka sa sukari aka toshe a gora aka bar shi cikin zafi ya kwana ya wuni, yis zai shiga aiki. In ka ga gora ta kumbura, ka buɗe ta yi "fusss", ƙamshin ya canza, to a zubar kawai.

Maganar tafasa

Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya nuna a 1857 cewa ƙananan halittu ne ke kawo tsamin madara. Bayan 'yan shekaru masu yin giyar inabi na ƙasarsa suna ta asara don kayansu na lalacewa, sai ya gano cewa in an ɗumama ta zuwa digiri 50 ko 60 ƙwayoyin da ke ɓata ta suna mutuwa. Daga baya aka ɗauki dabarar aka kai kan madara. Yau kamfanoni suna ɗumama madara a digiri 72 na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30. A gida ba mu da ma'auni, saboda haka tafasawa ita ce hanya.

Ba kowace mai nono ce ke tafasawa ba, gaskiya ke nan. Wata tana ganin ɓata itace ne, wata ta ce yana rage garɗi. Amma akwai cututtuka biyu da ke bin ɗanyar madara daga saniya zuwa mutum. Ɗaya ita ce bakkale, wadda ke sa saniya ɓari. A jikin mutum zazzaɓi ne mai zuwa yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. Ɗayar kuma tarin fuka na shanu. Tsamin nono ba ya ba da tabbacin kashe su, wuta ce ke yi. In wani a gida yana fama da irin zazzaɓin nan kuma yana shan nonon da ba a san asalinsa ba, ko yana aiki a kwata, a gaya wa likita wannan, zai taimaka masa wajen gwaji.

Sai maganar allura. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin yana fita a nononta na wasu kwanaki. Irin wannan madara sau da yawa ba ta yin barci, don maganin ya kashe bakteriyar, kuma bai kamata a sha ba sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika.

Yadda ake gane na kirki

Da rani, in nono ya yi ƙaranci, an saba ƙara masa ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri da tsami. A birni kuma ana yi da madarar gari, wasu har da sitaci. Kuka ba guba ba ce, madarar gari ma haka. Matsalar ita ce ruwan da aka zuba, ba ka san daga ina aka ɗebo ba, sannan ka biya kuɗin nonon shanu an ba ka wani abu.

Ga abin da nake dubawa. Kindirmo na gaske yana da ƙamshin man shanu, kuma yana barin maiƙo a jikin ludayi da leɓe. Tsaminsa mai laushi ne, ba ya kama haƙora. Wanda aka sa wa kuka tsaminsa ya fi kaifi, launinsa ya ɗan dushe, in ya zauna za ka ga gari ya kwanta a ƙasa. Mai sitaci yana da yauƙi kamar koko. In ruwa mai ɗan rawaya ya taso a saman kindirmo, wannan ba laifi ba ne, nasa ne, a kaɗa ya koma. Amma in yana kumfa da kansa, ko yana ɗaci, ko wari, ya wuce.

Ka kuma dubi mai sayarwa: ƙwaryarta a rufe take? Ruwan da take ɗauraye ludayi fa? Ka tambaye ta kai tsaye, "Inna, an tafasa?" Mai gaskiya ba ta jin haushin wannan tambaya. Na kamfani kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a tabbata daga firji aka ɗauko.

Yin naka a ɗaki

In kana samun madarar shanu, to alhamdu lillahi, ka tace ka tafasa. In babu, madarar gari ta isa, amma a nemi mai cikakken man shanu. Da yawa daga madarar gari mai araha an cire man shanun an sa man itatuwa a madadinsa, za a ga an rubuta a jikin leda ko buhu. Ita ma tana kamawa, sai dai ba garɗi.

A tafasa ruwa kofi 3, a bari ya huce kaɗan, a dama madarar gari kofi 1 a ciki har gudaji su ɓace. A jira ya zama da ɗumin da za ka iya sa tsabtataccen yatsa ka ƙirga goma bai ƙona ka ba. In ya fi haka zafi zai kashe bakteriyar, in ya yi sanyi ba za su tashi ba. Sai a sa cokali 2 na nono mai kyau ko yogot marar sukari a kowace lita, a juya sau ɗaya, a rufe, a naɗe da bargo ko a sa a kula. Kada a motsa shi. Bayan awa 6 zuwa 8 a duba. In an fi son tsami a ƙara awa biyu. Da ya kama a sa a firji, in ba haka ba tsami zai ci gaba.

Kafin a sa sukari, a ɗebi na gobe a ajiye daban. Mazubi da cokali a wanke su da ruwan zafi. A firji mai wuta yana kai mako guda. Inda wuta ba ta zama, a yi daidai na yini ɗaya ko biyu, a tsoma robar a cikin ruwan sanyi.

Yadda ake sha

Babban abokin nono dai fura ce. Gero ake surfawa a wanke a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a dunƙula a dafa, a kirɓa a turmi, a mulmula a barbaɗe da gari. Wurin damu, a fara murƙushe furar da ludayi a ɗan nono kaɗan har ta narke, sannan a ƙara sauran. In ka juye nonon gaba ɗaya tun farko, gudaji za ka yi ta bi. Ruwan da za a ƙara ya zama mai tsabta, haka ƙanƙara. Sukari ko zuma a ƙarshe, kuma kindirmo mai kyau ba ya son sukari da yawa.

Ana cin sa da dambu, ana zuba shi a kan ɗumamen tuwo da safe, ana shan kindirmo haka nan da cokali. Masu dako da 'yan acaɓa sun san fura da nono tana riƙe ciki tun hantsi har la'asar, haka ma da sahur a watan azumi. Man shanu kuma a soya shi da albasa a adana a kwalba, ya daɗe bai lalace ba, cokali ɗaya ya isa ya tayar da miyar kuka.

Jarirai dai a bar su da nonon uwa zalla har wata 6, kamar yadda ma'aikatan lafiya ke faɗa. Mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi kuwa, kada a ba su sai wanda aka tabbatar an tafasa.

Ga 'yan uwa mata da ke neman sana'a a unguwannin Hausawa na kudu, wannan kasuwa ce a buɗe. Wadda ta riƙe tafasa da tsabta, ta kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ta yi da shi, madarar shanu ce ko ta gari, ba za ta rasa masu layi a ƙofarta ba. Allah Ya sa albarka a nema, Ya kai kowa gida lafiya.